Mijina Bai Iya Sallama Ba

Laraba, 13 ga Satumba, da hantsi

Arlo ya dawo jiya da yamma. Na gode wa Allah. Kwana ɗaya ya yi a hannunsu, amma ya shigo yana jan ƙafa kamar wanda ya tashi daga jinya. Yau na soya masa ƙwai, ya ci rabi, ya ture farantin ya ce zai je ya duba masara. Na ce ai masara ba ta je ko'ina ba, kai ne ka je. Bai yi dariya ba. Shekara arba'in da huɗu muna tare, ban taɓa yi masa tsiya ya ƙi ramawa ba sai yau.

Bari in rubuta abin da na sani ko kaina ya daina juyawa. Ranar Litinin ya ɗauki ƙaramar shuɗiyar motar nan zai kai ta gari a gyara fitilar baya. Kafin ya isa ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar bayan. Ɗan sandan kuwa Dustin ne, ɗan Marlis maƙwabciyarmu, yaron da na koya wa karatun Lahadi yana fama da majina. Aka kawo kare ya zagaya motar, ya zauna a bakin ƙofar gaba. Suka bincika, suka zaro wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin kujera. Ƙwaya ce, irin wadda ake ɗaure mutum a kanta. An ce zai iya samun shekara biyu.

Shekarar Arlo sittin da takwas, yana da ciwon suga, bara aka yi masa aiki a zuciya. Mutumin da ko maganin ciwon kai sai na yi faɗa yake sha. Ba na jin zai fito da rai in suka ɗaure shi.

Da sunansa aka sayi motar. Abin da ya gaya musu ke nan, kuma gaskiya ne. Ban tambaye shi komai ba.

Alhamis, 14 ga Satumba, da yamma

Abinci ya fara zuwa. Matan coci sun ji, ke nan gari ya ji. Ba wadda ta ce uffan a kan maganar. Sai ta miƙo kwano ta ce, “Dafawa na yi ya yi yawa, Delores,” in ce na gode, mu tsaya mu yi maganar ruwan sama. Haka ake yi wa gidan da aka yi mutuwa. Na so in ce musu ai mutumin da ransa, ga shi can a rumfa yana gyaran abin da bai lalace ba. Na dai riƙe bakina. Ina godiya, kuma da gaske nake, sai dai godiyar tana da nauyi.

Asabar, 16 ga Satumba, da safe

Kendra ba ta kira ba.

Lahadi, 17 ga Satumba, bayan coci

Duk Lahadi Kendra tana zuwa cin abincin rana da Opal. Ita ce 'yarmu tilo, Opal kuma jikarmu tilo. Yau na jera faranti huɗu, na kwashe biyu. Ta turo saƙo wai yarinyar tana mura. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Shekarar Opal huɗu. Bara kotu ta mayar wa Kendra ita bayan wancan lokacin, da sharaɗin da duk mun sani: kuskure ɗaya, a sake ɗauke ta. Tun daga nan Kendra ta murmure, ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi. Arlo ya sayi shuɗiyar motar don ta daina roƙon a rage mata hanya.

Zan tsaya nan. Akwai wanke-wanke.

Laraba, 20 ga Satumba, da yamma

Mun je wurin lauya. Sunanta Brandt, 'yar manoma ce daga gundumar da ke arewa da mu, ba ta da tsawo, ba ta kuma ɓata magana. Na ji ta kwanta mini.

Ta ce, “Ku saurara da kyau. Ɗan sanda yana da ikon tsayar da mota in ya ga laifi, ko da na fitila ne. Yana cikin wannan aikin, kare zai iya shinshina jikin motar ta waje, doka ba ta hana ba. Amma da an gama maganar fitila, an gama. Ba a ajiye mutum a gefen titi ana jiran kare ya iso, sai in da wani ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, kuma su da kansu ba su ce suna da shi ba. In alƙali ya yarda an tsare ka, abin da suka samu ba zai shiga kotu ba. Shari'a ta mutu.”

Na ce, “To ai shi ke nan.”

Ta ce, “Da saura. Su cewa suke ba wanda ya tsare shi. Dustin ya miƙa masa takardunsa, ya sallame shi. Shi ne ya zauna yana zuba hira da son ransa har kare ya iso.”

Na juya na dubi Arlo. Shi kuma ya dubi hularsa.

Ya ce, “Yaron nan tambayata ya yi. Sai in tashi in bar shi da magana a baki? Ba haka aka raine ni ba.”

Wallahi da ba a ofishin mutane muke ba, da na kwaɗa masa jakata. Shekara arba'in da huɗu ina zama a mota a ƙofar coci, injin yana aiki, miya tana ƙonewa a gida, shi yana sallama. Ya yi sallama a ciki, ya yi a bakin ƙofa, ya yi a kan matakala, ya sake yi ta tagar mota. Na sha ce masa wannan hali wata rana zai kashe ni. Ashe shi zai kai kurkuku.

Da za mu tashi lauyar ta ce, “Malam Arlo, ban da kai wa ke tuƙa motar? In na wani ne, aikina ya yi sauƙi.”

Ya ce, “Motata ce.”

“Ba abin da na tambaya ke nan ba.”

“Na ji abin da kika tambaya.”

Ta dube ni. Na tsura wa kalandar bangonta ido, hoton shanu ne a cikin dusar ƙanƙara. Ba ta sake tambaya ba, kuma na gode mata a raina.

Lahadi, 24 ga Satumba, bayan coci

Har yanzu mura.

Juma'a, 29 ga Satumba, da hantsi

Na fita ɗebo wasiƙu na tarar da kwanon gashi a bakin ƙofa, lulluɓe da tawul, da sauran zafinsa. Dankali da nama. Ba a ƙwanƙwasa ba. Na juya gindin kwanon in ga sunan mai shi, sai na ga an ɓare takardar da ake liƙawa, saura sawunta.

Marlis, kin ɓata lokacinki. Shekara talatin ina ganin kwanon nan a kowace jana'iza, na san gefen da ya ɓantare. Ni na ɓantare shi ma.

Na tsaya da shi a hannu na rasa yadda zan yi. Ɗanta ne ya sa wa mijina ankwa. Ita ce kuma ta kwana da ni a asibiti ranar da aka buɗe ƙirjin Arlo. Ƙarshe na kai shi tebur. Arlo ya ci loma ɗaya ya ce, “Na Marlis ne.” Ya ƙara biyu.

Talata, 3 ga Oktoba, da yamma

Na kira Kendra. Ta ce tana wurin aiki, za ta kira in ta tashi. Na ji talabijin a bayanta da muryar Opal. Na ce to.

Ban tambaya ba.

Talata, 10 ga Oktoba, da almuru

Yau lauya ta nuna mana hoton bidiyon da na'urar motar Dustin ta ɗauka. Arlo ya ce shi ya riga ya gani da idonsa, ya fita ya zauna a mota. Karo na farko a rayuwarmu shi ne a mota yana jirana.

Ga shi nan a bidiyon, a kujerar gaba ta motar 'yan sanda kusa da Dustin, hula a kai, kamar wanda aka rage wa hanya. Dustin ya miƙa masa takardu ya ce, “Gargaɗi ne kawai, Baba Arlo. A gyara fitilar. Ka sauka lafiya.” Arlo ya yi godiya. Sai Dustin ya leƙa madubi ya ce, “Af, yaya masarar bana?”

Wanda ya tambayi Arlo masara ya shirya kwana. Ya yi bayanin gonar gabas, ya yi na gonar rafi. Can sai ya buga tafukansa biyu a gwiwa, ya ce, “Too,” ya sunkuyo gaba, hannunsa ya nufi ƙofa.

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, “Ga shi nan, zai tashi.”

Dustin ya ce, “Wai da gaske ka sayar da tsohuwar taraktar nan?” Arlo ya koma ya jingina. Aka sha labarin tarakta. Ya sake bugun gwiwa, ya sake cewa too. Dustin ya kawo maganar ƙwallo. Da aka zo bugu na uku har ya buɗe ƙofar, ƙafa ɗaya a waje. Dustin ya sake leƙa madubi. Ya ce, “Baba Arlo, ka tuna shekarar da ka ciro babana daga cikin dusar ƙanƙara?”

Baban Dustin ya rasu shekara shida ke nan. Arlo yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Sai na ga mijina ya mayar da ƙafarsa ciki, ya rufe ƙofa, ya cire hula ya ɗora a cinya. Yana cikin ba da labarin motar kare ta tsaya a bayansu.

Dariyata ta ɗauke. Raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban ji ba. Masara da tarakta na yafe, aikinsa yake yi. Amma ya ɗauki uban da ya haife shi ya tokare ƙofa da shi.

Lauyar ta mayar da hoton baya ta sake kallo. Ta ce, “Babana ma haka yake yi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in dattijo ya bugi gwiwa ya ce too, tafiya yake nema. Amma ‘kowa ya sani’ ba shaida ba ce, Malama Delores. Lauyan gwamnati zai ce tsoho ne yake shafa gwiwarsa mai ciwo, kuma ƙofa a buɗe take. Sai fa in Dustin ya faɗa da bakinsa cewa ya gane, kuma da gangan ya riƙe shi.”

Na ce, “In ya faɗa me zai same shi?”

Ta ce, “Ba za a ba shi lambar yabo ba.”

Ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in yi maganar shari'a da kowa a gidansu. Ta ce kalma ɗaya ta isa ta rusa komai.

Laraba, 11 ga Oktoba, da hantsi

Dustin ya san motar. Kowa a garin nan ya san motar. Ba Arlo ya yi zaton zai gani a ciki ba.

Asabar, 14 ga Oktoba, da yamma

Ba a mayar da kwano wayam, ko da duniya za ta tashi. Na gasa kek ɗin tuffa a cikin kwanon Marlis na taka zuwa gidanta. A hanya na shirya magana iri-iri. Zan ce mata ki gaya wa ɗanki ya ji tsoron Allah. Zan ce ki tuna masa wa ya biya masa kuɗin zuwa sansanin coci shekarar da ƙanƙara ta cinye musu gona. Na san duk hanyoyin, ni ma uwa ce.

Ta buɗe ƙofa, ta ga kwanon, fuskarta ta yi ja.

Ta ce, “Ashe kin gane.”

Na ce, “Ke ma dai.”

Muka tsaya. Ta rame. Ta ce, “Ba ya cin abinci, Delores.”

Na ce, “Nawa ma sai na tsaya a kansa.”

Maganar tana bakina, ina jin ɗacinta. Na haɗiye. Na ce sai anjima, ta ce sai anjima. Mu da muke yin awa guda a kan matakalar nan muna sallama, yau kafin kyanwarta ta gama miƙa na kai bakin titi. Na yi kuka a hanya, amma na gode wa Allah da ya kama mini harshe.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan coci

Murar ta warke. Yanzu aiki ne ya yi yawa.

Laraba, 18 ga Oktoba, da safe

Na daɗe ina tunanin karen. Bosko sunansa. An kawo shi bikin gunduma da bazara, Opal ta shafa kunnensa, har gida tana ba mu labari. Na nemi in ji haushinsa na kasa. Karen bai yi ƙarya ba. Abin yana nan inda ya ce. Muna ta roƙon Allah alƙali ya ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ganowa, kuma ina roƙon da zuciya ɗaya. Amma ko alƙali ya share shi daga takarda, wani ya sa shi a ƙarƙashin kujerar nan, kujerar da ke gaban ta Opal.

Na goge layin nan na sake rubutawa. Bari ya zauna.

Asabar, 21 ga Oktoba, da almuru

Da sassafe muka ji ruri. Injinan girbi guda huɗu da manyan motoci sun shigo gonar gabas ba sallama. Maƙwabta ne. Arlo ya fita da takalmin ɗaki yana ɗaga hannu, yana cewa shi bai mutu ba, zai iya girbe abinsa. Tsoho Lyle ya leƙo daga saman injinsa ya ce, “Mun sani. Gudun kada ka tsaya yi wa kowane karan masara sallama ne, damina ta same mu.” Duk suka kwashe da dariya. Arlo ma ya yi, dariyarsa ta farko tun Satumba.

Kafin rana ta faɗi sun share gonakin biyu. Na dafa musu kofi tulu-tulu, na juye musu rabin abincin matansu da ke firij. Ba wanda ya tambayi komai. Ban san da wane baki zan gode wa mutanen nan ba.

Da suka tafi Arlo ya tsaya yana kallon gonar a share. Ya ce, “Ko ba komai ba zan bar miki aiki ba.” Na ce ya rufe mini baki.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na goge masa rigar coci. Wuyan ya yi masa yawa yanzu. Gobe ne.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da almuru

Zan rubuta duka tun ban manta ba.

Ɗakin kotun ƙarami ne, ga sanyi. Marlis tana can baya ita kaɗai da jakarta a cinya. Kendra ba ta zo ba. Na riƙa waiwayen ƙofa har Arlo ya dafa mini hannu.

Dustin ya hau wurin ba da shaida da kakinsa. Lauyan gwamnati ya fara, tiryan-tiryan. Ka mayar masa da takardunsa? E. Ka ce ya tafi? E. Ka kulle ƙofa? A'a. Ka ɗaga murya, ka taɓa bindiga? A'a. Hira kuka yi irin ta maƙwabta? E. Duk gaskiya ne.

Sai Lauya Brandt ta tashi ta kunna bidiyon. Ta tsayar da shi daidai inda tafukan Arlo suke kan gwiwa.

Ta ce, “A ina ka girma?”

“A nan.”

“In dattijo ya yi haka a gidanku, me ake fahimta?”

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce bai yarda da tambayar ba. Alƙalin, wani mai furfura da tabarau a kan hanci, ya ce a bar shi ya amsa.

Dustin ya dubi allon. Da ya so, zai iya cewa bai lura ba. Da ya faɗi haka ba mai kama shi, ni kaina ba zan iya rantsuwa a kan abin da ke ransa ba. Ya dubi hannunsa.

Ya ce, “Tafiya zai yi.”

“Ka gane haka a lokacin?”

“Na gane.”

“Duka ukun?”

“E.”

“To me ya sa ka sake jefa masa tambaya?”

“Karen bai iso ba.”

Ta tura hoton gaba zuwa inda ƙafar Arlo take waje. Ta ce, “Wannan ta ƙarshen fa? Me ya sa ka zaɓi ita?”

Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya ce, “Don na san ba zai iya tashi ya bar ta ba. Ba wanda zai iya.”

Ta ce ta gama. Lauyan gwamnati ya ce ladabin mutum ba ankwa ba ne, doka ba ta san bugun gwiwa ba. Alƙali ya ce zai duba ya sanar da mu. Ban san ko ya kula ba, amma da zai tashi sai da ya dafa gwiwoyinsa.

A waje Dustin ya wuce mu kansa a ƙasa. Arlo ya buɗe baki, na san lafiyar mahaifiyarsa zai tambaya, na ja shi da ƙarfi har mota.

Wata guda ina tsine wa yaron nan a raina. Yau ban san inda zan ajiye tsinuwar ba. Ya cuce mu da abin da ya sani game da mu, kuma da aka tambaye shi bai ɓoye ba. Na koya wa yara da yawa cewa kada su yi shaidar zur, ban taɓa zaton wani yana saurara ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Shiru.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da yamma

An ce an ɗauke Dustin daga titi, an mayar da shi gadin ƙofar kotu. Na dafa kaza da taliya na ajiye a ƙofar Marlis. Ban ɓare sunana daga gindin kwanon ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da tsakar rana

An kori ƙarar.

Lauya ce ta kira. Alƙali ya rubuta cewa an gama aikin fitila, an kuma riƙe mutum da gangan don jiran kare, saboda haka ba a ce ya zauna da son ransa ba. Abin da aka samu ba zai shiga ba, gwamnati ta janye. Na zauna a kan kwandon wanki ina ta cewa na gode, na gode, ban ma san wa nake ce wa ba. Allah, da ita, da Marlis, da yaron.

Na miƙa wa Arlo wayar ya yi mata godiya. Ina jin matar tana cewa tana da baƙo a ofis, shi yana tambayarta yaya gwiwar babanta. Na ƙyale shi. Yau ya yi sallamarsa har ya gaji.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, da yamma

Sun sako motar. Arlo ya gyara fitilar da kansa a rumfa, ya wanke cikinta fes, har ƙarƙashin kujeru. Ya ce zai kai wa mai ita gobe. Na ce a'a, mai ita ta zo ta ɗauka.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “An gama, Delores. A bar maganar.”

Na ce, “Taka aka gama.”

Lahadi, 19 ga Nuwamba, da almuru

Ta zo. Wata abokiyar aikinta ta sauke su ita da Opal. Ta rungume babanta ba ta dubi fuskarsa ba. Rigar da na saya mata da bazara tana yawo a jikinta. Ta tsakuri abinci, ta yaba miya, ta yi maganar aiki da sauri-sauri. Makullin motar yana kan tebur kusa da farantinta.

Ko kofi ba ta gama ba ta buga hannu a gwiwa. Ta ce, “Too, Mama.” Sak ubanta.

Na ce, “Takalmin Opal bai matse ta ba kuwa?”

Ta koma ta zauna. Aka yi maganar takalmi. Ta sake bugawa, hannunta ya kai kan makulli.

Na ce, “Wai tsohuwar nan da kike kula da ita, mai ɓoye biskit a matashi, tana nan?”

Arlo ya ɗago ya dube ni. Ya gane. Na zaci zai hana, sai ya miƙe ya ce, “Opal, zo ki ga kyanwa ta haihu a rumfa.” Ya ɗauke ta suka fita, ya ja ƙofa.

Karo na uku Kendra ta miƙe tsaye sosai, jaka a kafaɗa. Ta ce, “Mama, da gaske, dare zai yi mana.”

Na san tafiya take nema. Na gane sarai, duka ukun. Lauya ta ce doka ta hana a riƙe mutum da hira. Wannan a kan titi ne. Nan kicin ɗina ne.

Na ce, “Kin tuna ranar da aka dawo miki da Opal, abin da kika ce wa babanki a kan matakalar can?”

Ta tsaya da bayanta gare ni. Na ji kunyar abin da na yi, na kuma san da za a sake zan sake. Yanzu na san yadda Dustin ya ji da yake leƙen madubi.

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta dawo ta zauna, ta ture makullin gefe. Ta ce, “Wata biyu ina jira ki tambaye ni. Kullum sai ki ce to.”

Na zuba mata sabon kofi, na zauna a kujerar da ke kusa da ita.

Na tambaya.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da safe

Faranti huɗu. Opal za ta zauna da mu na ɗan lokaci. Kendra da bakinta ta kira matar da kotu ta sa tana duba lamarinta, ta kuma kira gidan jinyar masu barin ƙwaya na wancan lokacin, sun ce ta zo yau. Ban san abin da kotu za ta ce ba, ina jin tsoro, amma ba irin tsoron watan jiya ba ne.

Arlo ne zai kai ta. Suna waje yanzu, injin yana aiki. Ta yi mini sallama a kicin, ta yi a bakin ƙofa, ta yi a kan matakala. Ga ta can ta sauke gilashi tana ɗago hannu. Bari in fita, da sauran ɗaya.